Daga Dutsen Tozali Zuwa Gubar Dalma: Yadda Ruwa da Iska Ke Cin Dutse Mai Ƙyalli

Manomi a Toranke, can ƙaramar hukumar Ajingi, ba ya buƙatar malamin kimiyya ya gaya masa cewa fartanya ba ta tsatsa da rani. Ya jingine ta a gindin rumbu tun daga kaka har bazara, iska na dukanta dare da rana, ba abin da zai hau kanta sai ƙura. Amma da ruwan farko ya sauka, ya manta ta a waje kwana biyu, zai tarar bakinta ya yi ja. Haka kuma duk mai ganga ta ƙarfe a tsakar gida ya san inda take fara ɓulewa: daidai iyakar ruwa, wurin da yau ya jiƙe, gobe ya bushe.

To, duwatsu ma suna yin irin tasu tsatsar. Idan akwai dutsen tozali a gidanku, irin wanda iyayenmu mata ke saye wurin 'yan koli su niƙa, ka ɗauko ka duba. Bayansa ya dusashe, ya yi toka-toka. Ka fasa shi, cikinsa na walƙiya kamar sabuwar azurfa. Wannan ɗan bambancin tsakanin ciki da waje shi ne batunmu na yau. A ido ƙaramin abu ne, amma yana da hannu a gurɓacewar koguna a ƙasashe da dama, kuma yana da hannu a mutuwar yara sama da 400 a jihar Zamfara.

Waɗanne duwatsu ake nufi?

Akwai dangin ma'adinai da masana ke kira salfaid. Ma'anar ba ta da wuya: ƙarfe ne ya haɗu da farar wuta suka zama dutse. Idan dalma ce ta haɗu da farar wuta, sunan dutsen galena, kuma shi ne yawancin abin da muke kira dutsen tozali ko kwalli. Yana da nauyi ƙwarai, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nauyinsa dalma ce zalla, kuma idan ya fashe yakan rabu gida-gida masu kusurwa huɗu kamar dunƙulen Maggi. Idan baƙin ƙarfe ne ya haɗu da farar wuta, sunansa fairait, mai ruwan ɗorawa da ƙyalli, wanda Turawa ke wa laƙabi da zinaren wawaye saboda yawan mutanen da ya yaudara. Na tutiya sunansa sfalarait, na jan ƙarfe kuma calkofairait.

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a same su. A Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin jihar Kano, jijiyar dutsen da aka haƙi kuza a cikinta tana ɗauke da sfalarait da galena. Akwai galena a Zurak ta jihar Filato da yankin Abakaliki ta jihar Ebonyi. Zinaren Zamfara da Neja da Kebbi ma galibi tare da irin waɗannan duwatsu yake zaune a jijiya ɗaya.

Yawancinsu sun samu ne a inda babu iskar oksijin, can cikin ƙasa ko ƙarƙashin laka. A can za su iya shekara miliyoyi ba su canza ba. Da zarar zaizayar ƙasa ko digar mai haƙa ta fito da su sarari, sun shiga duniyar da ba tasu ba, sai su fara lalacewa. Kuma lalacewar daga fata take farawa, domin a nan ne kawai dutse ke gamuwa da ruwa da iska.

Shi ya sa niƙa ke da muhimmanci. Ɗauki ɗan dutse mai tsawon santimita 1 ta kowane gefe. Faɗin fatarsa gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne. Niƙa shi ya zama gari, kowace ƙwaya kashi ɗaya cikin goma na milimita: ka samu ƙwayoyi miliyan ɗaya, jimillar fatarsu murabba'in santimita 600. Nauyi bai ƙaru ba, amma ƙofar da ruwa da iska za su shiga ta ninka sau ɗari.

Kowa da aikinsa

An daɗe ana ɗauka cewa oksijin ɗin iska ne ke zuwa ya manne wa farar wutar da ke cikin dutse kai tsaye, ruwa kuwa ɗan rakiya ne. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba.

Ga yadda aka gane. Akwai wani nau'in oksijin mai ɗan nauyi fiye da na yau da kullum, ana kiransa oksijin-18. Tun shekarun 1980 masana suka riƙa amfani da shi a matsayin shaida, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabbarsa alama a kunne. Sai su sa fairait a ruwan da aka yi wa wannan shaidar, su bar shi ya lalace, sannan su duba gishirin salfet da ya fito, wato farar wutar da ta gama haɗuwa da oksijin. Abin da aka riƙa samu shi ne, kaso mafi tsoka na oksijin ɗin da ke jikin salfet daga ruwa ya fito, ba daga iska ba.

To in haka ne, mene ne aikin iska? A shekarar 2003 wasu masana biyu, Donald Rimstidt da David Vaughan, suka tattara bayanin a tsari guda. Fairait yana iya ɗaukar lantarki kaɗan-kaɗan, don haka kowace ƙwayarsa tana aiki kamar ƙaramin batir mai kai biyu. A wani wuri a fatar dutsen, oksijin na zuwa ya fizge ƙwayar lantarki, wato ilektiron. Wannan ya bar giɓi. Sai ilektiron ya taso daga wani wurin, daga jikin farar wuta, ya bi ta cikin dutsen ya cike giɓin. Ita kuma farar wutar da aka raba da ilektiron ɗinta sai ta jawo ruwan da ke kusa, ta karɓe oksijin ɗinsa, ta saki haidirojin. Wannan haidirojin da aka saki shi ne tsami, shi ne asid.

Kowace ƙwayar farar wuta a fairait sai ta rasa ilektiron 7 kafin ta zama salfet, kuma ɗaya-ɗaya ko bibbiyu suke fita. Ke nan aiki ne mai matakai da yawa, kowane mataki yana buƙatar mai karɓa a gefe guda da ruwa a ɗaya gefen. Oksijin shi ne mai karɓar bashi, ruwa shi ne mai kawo kayan aiki kuma mai kwashe abin da ya narke. Cire ɗaya daga ciki, aiki ya kusa tsayawa.

Idan aka bi lissafin har ƙarshe, ga abin da ke faruwa:

4FeS₂ + 15O₂ + 14H₂O → 4Fe(OH)₃ + 8H₂SO₄

Da Hausa: fairait da oksijin da ruwa sun ba da jar tsatsa da kuma asid ɗin salfurik, wanda duk mai gyaran mota ya sani da sunan ruwan batir. Kilo 1 na fairait, idan ya lalace ƙarƙaf, yana iya ba da kimanin kilo 1.6 na wannan asid ɗin.

Me ya sa ruwa mai yawa ke rage ɓarna?

Nan ne mutane kan yi mamaki. Tunda ruwa na cikin masu laifi, ai dutsen da ya nutse a ruwa ya kamata ya fi saurin lalacewa. Amma akasin haka ne.

Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan miligiram 270. Lita ɗaya ta ruwa, a irin ɗumin ɗaki, ba ta riƙe fiye da miligiram 8 ko kusa da haka. Bayan wannan, oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Ke nan dutsen da ke ƙasan ruwa mai zurfi wanda ba ya motsi yana cinye ɗan oksijin ɗin da ke kusa da shi, sannan ya zauna jira. Saboda haka ne a wasu ƙasashe, irin su Kanada, kamfanonin haƙar ma'adinai ke nutsar da tarkacen salfaid a ƙarƙashin ruwa da gangan.

A busasshiyar iska ma abin ba ya sauri, kamar dai fartanyar nan da hunturu. Masu kula da gidajen tarihi sun san wannan: duwatsu da ƙasusuwan da ke ɗauke da fairait sukan zauna lafiya a busasshen ɗaki, amma idan laimar iska ta haura kamar kashi 60 cikin 100, sai su fara fitar da farin gari su farfashe.

Wuri mafi haɗari shi ne tsakiya: dutse mai danshi, wanda siririn ruwa ya lulluɓe fatarsa, iska kuma na kewaye da shi. Ruwan ya isa a yi aiki, kuma bai yi kaurin da zai tare oksijin ba.

Yanzu ka auna wannan da yanayinmu. A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran Arewa, ruwa na zuba wata huɗu zuwa biyar, sannan a yi wata bakwai ko fiye babu ko ɗigo. Da damina kanta, yau a yi ruwa, gobe rana ta take. Tarin dutsen da aka haƙo aka zube a fili yana jiƙa yana bushewa sau da yawa a shekara, ga zafi, shi kuma zafi ƙara wa irin wannan aiki sauri yake yi. Da rani, ruwan da ke cikin tarin yana tsotsowa sama ya ƙafe, ya bar gishiri fari ko ruwan ɗorawa a kan duwatsun. Wannan gishirin asid ne da ƙarafa a ajiye. Ruwan farko na damina shi zai narkar da shi a tashi ɗaya ya kai shi rafi ko kududdufi. Shi ya sa a wuraren haƙa masu dogon rani, ruwan farko ya fi kowane dafi.

Na uku a cikin tafiyar

Da oksijin da ruwa ne kaɗai, da abin bai kai haka muni ba. Akwai na uku.

Ƙarfen da ya narke daga fairait yana da fuska biyu. Akwai wanda ya rasa ilektiron 2, akwai wanda ya rasa 3. Wannan mai ukun mayunwaci ne, ya fi oksijin kansa saurin fizgar ilektiron daga fatar fairait. Idan ya fizga sai ya koma mai biyu, sai oksijin ya sake mayar da shi mai uku, ya koma kan dutse. Kamar ɗan aike ne tsakanin iska da dutse.

A ruwa mai tsami, mayar da shi mai uku yana tafiya a hankali ƙwarai. A 1970, Philip Singer da Werner Stumm suka nuna a mujallar Science cewa wannan matakin shi ne ke riƙe da linzamin dukkan aikin. Amma akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da abincinsu ke nan. Tun 1947 Arthur Colmer da M. E. Hinkle suka gano irinsu a ruwan ramukan kwal a Amurka, yau ana kiran su Acidithiobacillus ferrooxidans. Ba su buƙatar nama ko sukari, da wannan ƙarfen suke rayuwa, kuma suna iya ninka saurin matakin har sau miliyan. Tsami ya jawo bakteriya, bakteriya su ƙara tsami, abu ya zama kamar wutar daji.

Masana na auna tsami da ma'aunin pH. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7, lemon tsami wajen 2, kuma duk lamba ɗaya da aka sauka tsami ya ninka sau goma. Kogin Rio Tinto a ƙasar Sifen, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙar ma'adinai, ruwansa ja ne kamar zoɓo, pH ɗinsa wajen 2. A wani tsohon rami da ake kira Iron Mountain a jihar Kalifoniya ta Amurka, an auna ruwan da ya sauka ƙasa da sifili, har zuwa -3.6. A gida Najeriya ma, tsofaffin ramukan kwal na Inugu suna fitar da ruwa mai tsami saboda fairait ɗin da ke cikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi. Kuma asid ba ya tafiya shi kaɗai: yana narkar da dalma, tutiya, jan ƙarfe, kadmiyam da asenik ya tafi da su.

Abin da ya faru a Zamfara

Galena ba ta fitar da asid kamar fairait. Tata ɓarnar daban ce, kuma ta fi kusa da mu.

Idan oksijin da ruwa suka taɓa fatar galena, dalmar da salfet sukan haɗu su zama wani farin ɓawo. Idan kuma ruwan sama ya zo da iskar kabon da ke narke a cikinsa, a hankali ɓawon ya koma wani ma'adini da ake kira serusait, wato dalma haɗe da kabonet. Idan akwai fairait manne da galenar, abin ya fi sauri, domin su biyun sukan zama batir guda, galena ce kuma ke cinyewa.

A saman jijiyar dutse, inda damina da rani suka yi dubban shekaru suna wannan aikin, salfaid ɗin ya riga ya ruɓe ya zama jan dutse mai laushi da ramuka-ramuka. Zinare kuwa ba ya tsatsa, sai ya rage a ciki a sake. Wannan jan dutsen shi masu haƙa ke nema, domin ya fi sauƙin fasawa kuma zinarensa ya fi sauƙin fita.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka tarar yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga. Ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, daga baya kuma Bagega. Mutane na kawo dutsen zinare cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin ita ce kashi 0.04.

Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Geoffrey Plumlee, sun gwada dutsen da ƙurar, suka wallafa sakamakon a 2013. Sun samu cewa tun kafin a haƙo dutsen, ruwa da iska sun riga sun mayar da galena mai yawa ta koma dalma mai kabonet. Bambancin a nan yake: galena ba ta saurin narkewa a ruwan ciki, amma serusait na haɗuwa da tsamin cikin ɗan Adam sai ta narke, kamar kanwa a ruwan tsamiya. Niƙa ta mayar da ita ƙura, yaro ya sa hannu a baka, dalma ta wuce jini, daga nan ƙwaƙwalwa. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara aƙalla 28 suka rasu.

To, ina ruwan mutumin Toranke?

Ruwansa biyu ne. Na farko, ci-rani. Matasan Arewa da yawa yanzu wuraren haƙar zinare suke nufa idan an gama aikin gona. Idan ɗanka ko ƙanenka na cikinsu, ga abin da bayanin nan ke koyarwa:

- Kada a kawo dutse ko garinsa gida, ko da buhu ɗaya ne. A yi wanka a canza kaya kafin a shiga cikin iyali.
- Niƙa da ruwa ta fi niƙa a bushe, domin tana kashe ƙura. Amma tarkacen da ya rage kada a bar shi a fili yana jiƙa yana bushewa. A binne shi a rufe da yumɓu mai kauri, nesa da rijiya, rafi da fadama.
- Ruwan da ya yi ja ko ruwan lemo kusa da rami, ko tarin dutse mai farin gishiri wanda ciyawa ta ƙi fitowa a kansa, alama ce. Kada a sha, kada a shayar da dabba.
- Kamar yadda kanwa ke kashe tsami a girki, haka dutsen farar ƙasa ke kashe asid ɗin rami, kuma da shi ake gyaran irin wannan ruwan. Amma kashe tsami bai kashe dalma ba. Tana nan a cikin laka.
- Yaron da ke jijjiga ko yawan amai a gidan da ake harkar dutse, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya sana'ar gidan.

Na biyu, tozali. Kada wani ya karanta bayanin nan ya ce ai galena mai ƙyalli ba ta da illa. Ta fi serusait wuyar narkewa, amma ba a ce ba ta narkewa sam ba, kuma tozali gari ne mai laushi wanda fatarsa ta ninka sau ɗaruruwa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka gwada tozalin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Jariri na murza ido ya tsotsi yatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma illarta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika gyaruwa ba. Don haka a bar sa wa jarirai da ƙananan yara tozalin dutse, masu juna biyu ma su kiyaye.

Idan ka sake ganin dutse mai ƙyalli a ciki, dusasshe a waje, ka san cewa wannan dusashewar aikin damina da rani ne. Wani lokacin ɓawon da ya hau kan dutsen yana kare cikinsa ya rage saurin lalacewa. Wani lokacin kuma, kamar yadda aka gani a Anka da Bukkuyum, ɓawon shi ne gubar. Ido ba ya bambance su, sai gwaji. Kafin a samu gwajin, a bar dutsen haƙa a daji, nesa da inda yara ke wasa.